Uwar Sauro

Duk wanda ya ratsa ta ɗakin binciken Farfesa ya fita da wani abu. Wasu sun fita da digiri, wasu da miji ko mata, wasu da gyambon ciki. Ni na fita da digiri na biyu da baƙin jini, don bakina ba ya iya shiru. Yanzu ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare, ina zana zuciyar kwaɗo da alli a allon da ya girme ni. Mutum ɗaya na sani da ta shiga ɗakin nan ta kasa fita, ƙawata ce, wadda muke kira Uwar Sauro.

Tare muka shiga. Ita 'yar tela ce, ubanta ya rasu tana ƙarama, uwarta ta rene ta da keken ɗinki. A cikinmu babu wanda ya kai ta ƙwaƙwalwa, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Sai dai ba ta da baki. In ka taka ta, ita za ta ba ka haƙuri. Burinta guda ne, ta yi digiri na uku a kira ta Dakta. Uwarta kuwa ba ta jira jami'a ba, tun ranar da aka ba 'yarta gurbi ta fara kiranta Dakta, ta sanar da duk matar da ta kawo mata ɗinki.

Aikin Farfesa a kan sauro yake. Yana da wani iri da ya kamo a fadama tun yana saurayi, irin da maganin feshi ba ya kashewa, kuma a kansa ya gina sunansa duka. Ana ajiye su a ɗakin ƙarshe na ƙasan bene, mai ƙofa biyu, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyun. Ciki da ɗumi da laima kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Kejoji ne na raga jere a kan kanta, kowanne da audugar ruwan sukari a sama, ƙasa kuma farantan ruwa cike da tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. Warin wurin yana bin mutum har gida.

Namijin sauro sukari ya ishe shi. Macen kuwa ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Waɗannan na Farfesa kuma 'yan gata ne, an gwada musu zomo sun ƙi, an gwada ɓera sun ƙi. Saboda haka mu ɗalibai ne abincin. Ka naɗe hannun riga, ka zura hannunka ta bakin kejin har gwiwa, ka zauna ba motsi har cikinsu ya yi ja, su tashi da ƙyar su manne a raga.

Da farko karɓa-karɓa muke yi. Ni rana ɗaya na yi, hannuna ya kumbura ya zama kamar taɓarya. Wani abokin karatunmu da muke kira Ɗan Gayu, saboda ko ɗakin sauro da kwat yake shiga, ya ce jininsa ba ya jituwa da cizo, likita ya hana shi. Wane likita ne, har yau ba mu gan shi ba. Ita kuwa da ta zaro hannunta, 'yan ɗige-ɗige ne kawai, kafin la'asar sun baje.

Farfesa ya kama hannun ya juya shi, ya duba kamar mai taya akuya.

"'Yata, Allah ya yi miki baiwa," ya ce. "Daga yau ke kaɗai za ki riƙa ba su. Canjin jini yana ɓata sakamako."

Ta yi murmushi har da sunkuyar da kai. Wallahi a ranar ta ɗauka girma aka ba ta. Mu ma muka tafa mata, Ɗan Gayu ya raɗa mata Uwar Sauro nan take, sunan kuma ya bi ta.

Sai dokoki suka biyo baya. Ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, ba man shafawa, don sauro ba ya so. Ba shan magani sai an gaya wa Farfesa, don abin da ya shiga jininta ya shiga cikinsu. Ba tafiyar da za ta wuce kwana biyu ko uku, don in lokacin shansu ya wuce ba ƙwai, in ba ƙwai ba zuriya, in zuriya ta yanke sunan Farfesa ya yanke, kundin digirinta ma ya bi ruwa, tunda a kansu take rubuta shi. Da wannan igiyar aka ɗaure ta, kuma ita da kanta take ƙara ja mata ƙulli. Na taɓa ba ta man shafawa kyauta, ta karɓa ta yi godiya, ta kai wa uwarta.

Mu dai muka watse ɗaya bayan ɗaya. Ni na yi wa Farfesa tambayar da ba a yi masa a gaban baƙi, washegari ya ce ba ni da natsuwar bincike, na tattara na kama alli. Ɗan Gayu, wanda bai taɓa bambance macen sauro da namiji ba sai an nuna masa, ya samu aiki a kamfanin sayar da kayan ɗakin bincike. Ashe abin da Allah ya halicce shi ya yi ke nan, yau motarsa ta fi ta Farfesa. Wani ya shiga ma'aikatar lafiya, ya yi tumbi, yana sa hannu a takardun yaƙi da sauro daga ofis mai na'urar sanyi. Wata ta buɗe wurin gwajin jini a bayan asibiti. Akwai wanda ya jefar da ilimin gaba ɗaya ya koma kiwon kaji, kuma duk cikinmu shi ya fi barci mai daɗi. Biyu sun haye ƙasar waje, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba sai a hoto, suna tsaye cikin ƙanƙara da manyan riguna.

Ita tana nan. Sababbin ɗalibai suka zo suna ce mata Yaya. Waɗanda suka biyo su suka ce Anti. Ita take koya musu yadda ake kama sauro da bututu ba a karya masa ƙafa ba, da yadda ake feɗe shi a ƙarƙashin madubin bincike. Cikinsu akwai wata yarinya mai rawar kai da muke kira Auta, wadda ta zo ko riƙe hantsaki ba ta iya ba. Uwar Sauro ta zaunar da ita ta koya mata komai, har babin farko na kundinta ita ta gyara mata. Auta ta gama, ta samu tallafi, ta hau jirgi. Uwar Sauro ce ta raka ta tasha, ta dawo da sauri don ranar shan jini ce.

Nata kundin fa? Ta rubuta shi tun tuni. Duk sanda ta kai, Farfesa zai ɗaga shi ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Aiki ya yi kyau, 'yata. Amma mu ƙara zuriya kaɗan, sakamakon ya yi ƙarfi. Gaggawar me kike yi?"

"To, ranka ya daɗe."

Sauro kuwa ba ya gajiya da yin zuriya. Takardu suka yi ta fita da sunan Farfesa a gaba. Nata sunan wani lokaci yana can tsakiya, wani lokaci a ƙasa wurin godiya, kusa da na direba.

Sau ɗaya ƙofa ta buɗe mata sosai. Wata cibiyar bincike a wani gari mai nisa ta neme ta, aiki na dindindin, da gida. Ta zo wurina da labarin cike da murna, na ce mata ko takalmi kada ta tsaya ɗauka. Ta ce ai sai ta yi sallama da Farfesa. Na san an gama.

Bai hana ta ba. Mutumin nan bai taɓa hana kowa komai ba, shi ya sa ba a kama shi da laifi. Ya taya ta murna, ya sa mata albarka, sannan ya tashi ya ce ta zo su leƙa ɗakin sauro. Ya tsaya gaban kejin.

"Ki tafi abinki, 'yata. Su kuma waɗannan sai mu sa su a firji su mutu, tunda ba su san hannun kowa ba sai naki. Kundin ne kawai nake tausayi. Masu jarrabawa za su ce a nuna musu irin da aka yi aikin a kansa."

Da yamma ta kira ni ta ce ta fasa. Na zage ta tas, ta saurara har na gama, ta ce, "Ke ba za ki gane ba, saura kaɗan." Na yi wata biyu ba na ɗaga wayarta don haushi.

Abin da ya sa na koma, zazzaɓi ne ya kayar da ita, uwarta ta aiko a kira ni. Na tarar da ita kwance a ɗakin ɗinki, tsakanin tarin yadi, jikinta kamar garwashi. Ina zaune wayarta ta yi ƙara, na ga Farfesa ne, na sa a amsa-kuwwa don tsohuwa ta ji yadda ake ji da 'yarta.

"Wane magani suka ba ki?" Abin da ya fara faɗa ke nan, ko sannu babu.

Ta gaya masa.

"Kash. Wannan yana daɗewa a jini. Kin riga kin sha?"

"Ban sha ba tukuna, ranka ya daɗe."

"To ki ɗan dakata zuwa jibi, a ba su tukuna."

Na fizge wayar na kashe, na ɓare maganin na tura mata a baki da hannuna. Ta haɗiye tana kuka, ba kukan ciwo ba, kukan tausayin sauro. Uwarta kuwa cewa ta yi, "Kin ga yadda Farfesa ba ya iya komai sai da Dakta." Ta faɗa da alfahari, har tana gyara zama.

Haka shekaru suka tafi, goma da ɗoriya. Fatar hannunta na hagu ta yi duhu ta yi kauri, ta daina sa riga mai gajeren hannu. Masu neman aure sun zo, sun gaji da jin "sai na gama", sun kama gabansu. Ɗaliban baya-bayan nan Mama suke ce mata, kuma da yawansu ba su san ɗaliba ba ce, sun ɗauka ma'aikaciya ce.

Sai Farfesa ya kai shekarun ritaya. Aka shirya masa walimar sallama a babban zauren sashen, aka gayyato duk tsofaffin ɗalibai. Wadda jami'a ta ɗauko ta gaje shi kuwa ba kowa ba ce, Auta ce, ta dawo daga waje da digirinta da tabarau.

Ranar kowa ya zo da abin da ya zama. Mai tumbin ma'aikata ya zo da ɗan sanda, mai kaji ya zo da kiret ɗin ƙwai, Ɗan Gayu ya zo yana raba kati. Farfesa ya karɓi makirufo yana kiran mu ɗaya-ɗaya, yana faɗin inda kowa ya kai, kamar shi ya kai mu. Ni ma ya ce ina gina manyan gobe, ya manta shi ya kore ni. Uwar Sauro tana gefen teburi tana zuba wa baƙi lemo. Da idonsa ya faɗa kanta sai ya yi dariya.

"Wannan kuma 'yar gida ce. Duk wanda ya ci digiri a ɗakin nan, da jininta ya ci."

Zaure ya ɗauki tafi da shewa. Ta ɗan rusuna, da kwalbar lemo a hannu.

Bayan an ci an sha, Auta ta ce mu zo mu ga gyaran da ta fara. Muka bi ta zuwa ƙasan bene, har da Farfesa, muka shiga ta ƙofa biyun nan, ɗumin ya mare mu kamar da. A kan babban kejin akwai wani abu da ban taɓa gani ba. Wasu 'yan kofuna ne na gilashi, an kife su a kan ragar, an rufe bakinsu da leda siririya, bututun ruwan ɗumi yana zagaye su daga wata na'ura mai kamar ƙaramar tukunya.

"Injin shayarwa ne," in ji Auta. "Jinin saniya ne a ciki, ruwan yana ɗumama shi kamar jikin mutum. Jiya na tsince shi a sito, ko ledarsa ba a ɓare ba. Na ce a gwada yau."

Ɗan Gayu ya matso ya leƙa, sai ya buga cinya.

"Kai! Ashe yana nan! Wallahi cinikina na farko ke nan a kamfani. Ni na kawo shi da kaina, shekarar da na bar nan. Ranka ya daɗe, ashe ba ku taɓa kunna shi ba?"

Ni ban kalli injin ba, Uwar Sauro na kalla. Ta shigo ɗakin ne ta riga ta fara naɗe hannun rigarta, don ranar shansu ce, kuma jikinta ya saba. Ta tsaya da hannun a naɗe rabi. A ƙarƙashin kofunan nan sauro sun yi baƙi ƙirin, sun taru kan juna, cikinsu yana kumbura yana yin ja. Waɗanda aka ce ba su san hannun kowa ba sai nata, ko waiwayowa ba su yi ba.

Ta matsa ta durƙusa gaban kejin ta daɗe tana kallo, da idon mai aiki. Sannan ta ce, a hankali, "Sun sha. Duka sun sha."

Ta miƙe ta juya wurin Farfesa. A iya sanina, wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi masa wadda ba ta karatu ba.

"Ranka ya daɗe, ka san yana sito?"

"Na sani mana, ni na sa hannu aka saya." Bai ji kunya ba, bai ma ga abin kunya ba. "Amma kin san wahalarsa? Sai an je mayanka da sassafe a tari jini da ɗuminsa, a yi ta kaɗa shi kada ya daskare, a taho da shi a guje. Wa zai yi wannan kullum? Ga hannu a gida."

Wasu suka yi dariya, don sun ɗauka raha ce. Ni na buɗe baki, mai kaji ya riƙe mini hannu ya ce in yi wa Allah in bari, ranar farin ciki ce.

"Kundina fa?" ta ce.

"Za a duba, 'yata. Ai yanzu ga ƙanwarki nan a kujera."

Ya duba agogo, ya ce direba yana jira, aka raka shi da tafi har mota.

An duba kuwa. Auta ce ta duba, ta kira Uwar Sauro ofis, ta ba ta kujera, ta sa aka kawo mata shayi. Jami'a tana da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi yana digiri na uku, nata sun cika tun da daɗewa. Ba wanda ya nemi ƙari a madadinta, mai kula da aikinta ne ya kamata ya nema. A wurin jami'a, ta yi shekaru ba ɗaliba ba ce, ba kuma ma'aikaciya ba. Mace ce kawai da ke zuwa kullum tana zura hannu a keji.

"Anti, wallahi ban ji daɗi ba," in ji Auta. "Kuma abin da ke cikin kundin, an riga an buga yawancinsa da sunan Farfesa. Sai dai a sake sabon aiki daga farko."

Uwar Sauro ta zo gidana daga can kai tsaye. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, don takaici. Na ce ta zo makarantarmu, ana neman mai koyar da ƙananan aji, in yi mata magana. Ta ce to. Na ce mu je mu gaya wa tsohuwa gaskiya. Ta ce a'a, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Kafin ta tafi ta gaya mini, ba tare da na tambaya ba, cewa ƙwan da suka yi bayan injin ya fi wanda suke yi da jininta yawa.

Na yi mata maganar aikin, shugaban makaranta ya ce ta zo ranar Litinin. Ba ta zo ba. Na kira, ta ce in yi haƙuri, Auta ta neme ta.

"Ta neme ki ta yi miki me?"

"Injin yana bukatar mai kawo jini. Ɗaliban sun ƙi zuwa, wai wurin yana wari, kuma ba su iya kaɗawa ba, yana daskare musu a hanya. Ta ce in na riƙe wannan, in aka samu gurbi nan gaba za ta ga yadda za a sake yi mini rajista."

"Nan gaba yaushe?"

"Ta ce ba da daɗewa ba."

Na kashe wayar, don abin da ke bakina ba na faɗa ba ne.

Hanyar makarantarmu tana bi ta bayan mayanka, shi ya sa nake ganinta. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, tana tsaye bakin kwatar cikin takalmin roba, tsakanin mahauta da masu wankin hanji, da farar rigar ɗakin bincike a jikinta. In an kayar da saniya sai ta durƙusa ta tara kwalba, ta miƙe tana kaɗawa da hannu biyu, ta sa a fulas, ta fita da sauri neman mota. Mahautan sun saba da ita, suna ajiye mata wuri. Saboda farar rigar, Dakta suke ce mata, kuma tana amsawa.